Rawaya a Ƙofar Kyamis

Da la'asar ɗin Asabar Hilario Quiroga ya faɗo ofishin 'yan sandan Arroyo Manso, takalminsa wari da wari, shatin matashi a kumatunsa.

"Insfekta, an sace tsohona!"

Insfekta Casimiro Ledesma ya ajiye ƙoƙon shayin mate. Shi da kansa ya je ta'aziyyar Don Eusebio, mahaifin Hilario, a watan jiya.

"Tumbi," ya kira Hilario da laƙabinsa, "tsohonka ya mutu."

"Shi nake nufi! Tokarsa tana cikin tulu, tulun yana cikin mota, motar kuma babu ita."

Kowa a garin ya san wasiyyar Don Eusebio: a watsa tokarsa a filin ƙwallon 'Yan Reluwe, masu shuɗi da rawaya, ranar da za su karɓi abokan gabarsu 'Yan Kwata, masu ja da baƙi. Gobe Lahadi ne wasan. Hilario kuwa a gadon asibiti ya rantse wa uban zai cika.

"Ina ka ajiye motar?"

"Ƙofar kyamis, daf da gidan tsohuwa. A kan shuɗi. Na shiga na ci abinci na ɗan kishingiɗa."

Dokar ajiye mota a garin launin dakalin bakin titi ke faɗinta. Fari, ka ajiye ka manta. Shuɗi, awa biyu, amma daga azahar ɗin Asabar zuwa Litinin babu mai ƙirga maka. Kore na masu sauke kaya ne, kwata ɗaya na awa. Rawaya kuwa, ko atishawa ka tsaya yi janwe mai jan motoci ya iso. Hukuma ta ce dokar ta kawo tsari. Abin da ido ya gani dai, ta kawo wa masu sayar da fenti ciniki.

Da suka isa ƙofar kyamis, dakalin rawaya ne shar.

"Wallahi shuɗi ne da rana!" in ji Hilario. "Ko hauka na fara?"

Insfekta ya tsuguna ya dangwala yatsa. Yatsan ya taso rawaya. A wurare biyu, inda tayoyi suka jingina da dakalin, shuɗin yana nan. Shafar kuma siri-siri ce, ba ta burushin masu fenti ba.

"Ba a sace motarka ba, Tumbi. Shuɗin da ke gefenta aka sace. Janwe ya ja ta."

Ya buga waya harabar da ake tara motocin da aka kama. An kulle sai Litinin, mai makulli ya tafi kamun kifi. Hilario ya zauna daɓas a kan ɗanyen fentin.

Don Anselmo mai kyamis ya fito yana gyara tabarau.

"Ni barci nake, ranka ya daɗe. Tun azahar ban sauko ba."

"Ɗaga ƙafarka ta hagu."

Ƙasan silifas ɗin rawaya ne.

"To, na sauko. Na gani, na kuma ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Shekara nawa ina roƙon hukuma ta kore min motoci daga ƙofa? Amma ni in shafa? Haba, Insfekta! Ɗan Reluwe nake tun ina goye. Da ni ne, layi-layi zan yi, shuɗi, rawaya, shuɗi. Wanda ya binne shuɗi gaba ɗaya ba namu ba ne."

Insfekta ya yarda da wannan. A garin nan mutum kan yi ƙarya a kan matarsa, ban da kulob ɗinsa.

Nélida, mai duba motocin unguwar, ita ta kira janwe. Ta ce tana zagaye ne ta ga motar.

"Da tsakar rana? A wannan zafin? Nélida, kare ma yana inuwa."

Ta sunkuyar da kai. "Ina ofis na ɗan rufe ido. Waya ce ta tashe ni. Wata mata, ta toshe baki da tsumma don kar in gane ta."

"Me ta ce?"

"Wai akwai mota a kan rawaya. Sai ta ce a ja ta a hankali, kar a girgiza, mutumin ciki ba ya son gargada. Kafin ta ajiye kuma ta tambaye ni ƙafar mamata."

Ana yawan cewa a ƙaramin gari kowa ya san kowa. Ƙarya ce. Kowa dai ya san ƙafar uwar kowa.

Doña Eulalia, matar marigayin, ta karɓe su cikin baƙaƙen kaya, ta dire musu farantin empanada masu zafi, 'yan gasassun ƙullin fulawa masu nama a ciki.

"Ku ci, 'ya'yana. Kai kuma tashi daga kujerata, wandonka duk fenti."

Hilario ya ɗauki guda yana share hawaye, ya jujjuya ta. "Tsohuwa, yau empanadarki fara fat. Ba ki shafa mata ƙwai ba?"

"Ƙwai ya ƙare."

Insfekta ya dubi kwandon ƙwai a kan firji, cike har baki.

"Doña, ina ɗan burushin da kike shafa ƙwan?"

"Ya ɓata."

"Ba shi ne wancan a cikin gwangwanin kananzir ba, bayan tukunyar fure?"

Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Casimiro, tun kana fitsarin kwance ka cika sa ido."

"Ke kika shafa?"

"Ni ce. Da fentin shi marigayin, da gwiwoyin nan nawa. Ka san abin da ya fi yi min ciwo? Taɓa rawaya. Sau uku na wanke hannu."

Hilario ya saki empanadar. "Tsohuwa, me kike cewa?"

"Ubana mahauci ne, kakana mahauci. Me kake zaton nake? Tun kafin a haife ka, duk ranar da Kwata ta zura muku ƙwallo, sai in shige kicin in cusa tawul a baki in yi ihu. Ku kuna zaton albasa ce ke sa ni hawaye."

"Ke? 'Yar Kwata? A gidan nan?"

"Lahadi nawa filin nan ya cinye min? Ranar da na haife ka yana can. Yanzu kuma ya tare can gaba ɗaya? Cewa na yi bari wasan ya wuce, in aje shi kan talabijin, in riƙa goge shi."

Hilario ya dubi uwarsa. "Baba ya sani?"

"Ya sani mana. Me ya sa kake zaton ya zaɓi filin? Nan ne kaɗai ya tabbata ba zan bi shi ba."

Insfekta ya miƙe ya sa hularsa. "Tumbi, tulun ya zama shaidar bincike, ina da ikon fasa kwaɗon harabar. Da safe za ka karɓi tsohonka. Doña, ɓata alamar hukuma laifi ne. Sai mun je ofis."

Ba ta yi gardama ba. Ta juye sauran empanada a leda don masu gadi, ta ɗauki jakarta, ta saƙalo hannunta a nasa kamar mai tafiya coci. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Hilario."

"Na'am, tsohuwa."

"Tunda sai ka watsa shi, ka watsa shi a bakin ragarku. Ko a mace dai ya tare muku ƙwallo ɗaya."