Agogon da Bai Taɓa Zuwa Kano Ba

Da hantsin wata Talata a daminar 2015, Ɗantsoho direba ya buɗe rumfar tarakta a gonar Hajiya Ummusalama da ke Simsim a ƙasar Sudan, ya tarar an kwance famfon man taraktar an tafi da shi. Ba a fasa kwaɗo ba. Ruwa kuma ya sauka kwana biyu da suka wuce. In mako ya fita ba a shuka riɗi ba, shekarar Hajiya ta tafi, ga marayu huɗu a gabanta.

Saje Ishaku na 'yan sandan Gadarif bai ɓata lokaci ba. Makulli uku ne: na Hajiya, na direba, da na Cindo, ɗan wan marigayi mijinta, wanda ya daɗe yana cewa gona irin wannan ba ta mace ba ce.

Ɗantsoho ya fita daga zargi da sauri. Tun Lahadi har asubahin Talata yana asibitin Showak wajen matarsa, ma'aikata uku suka shaida.

Cindo kuwa sai Laraba ya bayyana, da sabuwar hula da ƙamshin turare.

"Ina Kano, janabu," ya ce wa Sajen da kalmar girmamawa ta Sudan, "ziyarar dangi. Jiya na sauka Kartum."

Ya ajiye ragowar tikitin jirgi a tebur, da sunansa na yanka, Adamu Wada. Tashi ƙarfe tara na safe, sauka biyu da rabi na rana.

Ishaku ya yi shekara shida yana aiki a filin jirgin Kartum, ya ga masu baki iri-iri. Ya tura masa shayi.

"Tafiya da nisa ko?"

"Ai ba a magana. Awa biyar da rabi muna sama."

"Ka tabbata?"

"Idona na kan agogo tun tashi har sauka."

"Da kuka sauka ka gyara shi?"

Cindo ya yi dariya, ya ɗaga hannu. "Wannan? Shekara uku ban taɓa shi ba."

Ishaku ya dubi agogon, ya dubi na bango. Daidai suke, ko minti babu.

"To saurara, ya Cindo. Kano zuwa Kartum kilomita dubu biyu da ɗari shida ne da 'yan kai. Jirgi na cinye su a awa uku da rabi. Sauran biyun bambancin lokaci ne, Kano tana bayanmu. Wanda ya zauna cikin jirgin da lokacin Kano a hannunsa, agogonsa sha biyu da rabi zai nuna a Kartum, dole ya tura shi gaba. Kai lissafi ka yi a kan takarda. Tikitin wa ne?"

Hajiya ce ta amsa daga bakin ƙofa.

"Na takwaransa ne, ɗan baffansa. Sunan kaka ɗaya aka sa musu. Shi ne ya tafi Kano."

Ƙarya mai turare ma ƙarya ce, kuma Cindo ya san tasa ta ƙare. Ya sunkuyar da kai, ya ce famfon yana ƙarƙashin buhunan dawa a ɗakin ajiyarsa. So ya yi ta rasa damina, dangi su miƙa masa gonar.

Ishaku ya jawo takarda zai rubuta bayani. Hajiya ta dafa teburin.

"Janabu, rubutu zai jira, ƙasa ba za ta jira ba. A ba Ɗantsoho famfon ya tafi." Sai ta juya ga Cindo. "Kai kuma, riɗin da ka so ya mutu, da shi na yi niyyar yi maka aure bana."