Kunnen Kaka da Manhajar Kiɗa

Akwai wata yarinya 'yar aji shida da kowa a gidansu ke kira 'Yar Kaka. Sunan ya dace da ita. Duk inda ka ga kakanta, duba gefensa za ka gan ta.

Kaka tsohon tela ne. Ya yi shekaru a kan keken ɗinki, rediyo na gefensa. Da ƙarfi ya ja baya, sai ya bar wa 'yarsa shagon, wato Maman yarinyar. Yanzu aikinsa shi ne zama a kujerar roba a bakin ƙofa, yana yi wa masu wucewa tsiya a kan ɗinkin rigunansu.

Ba abin da Kaka yake so kamar kiɗan sarewa. Amma kunnensa ya yi nauyi. Sai ka maimaita magana, ka ɗaga murya, kafin ya juyo ya ce, "Da ni kake?"

Wata rana 'Yar Kaka ta kunna masa kiɗan da ya fi so a wayar Mama. Ya kara wayar a kunne. Ya runtse ido yana saurare. Can sai ya miƙo mata.

"Karɓi, jikalle," in ji shi. "Ina jin wani abu can nesa, kamar a gidan maƙwabta ake yi."

Ya yi murmushi, amma murmushin bai kai zuci ba. Tausayinsa ya kama ta sosai.

Mama ma ta damu. Ta daɗe tana tara kuɗi a asusunta don kai Kaka wurin likitan kunne. Har an ba su rana. Sai dai Kaka ba ya son jin zancen asibiti.

"Ni ba mai cusa mini ƙarfe a kunne," yakan ce. "Ku bar mini kayana haka."

A ajin 'Yar Kaka akwai wani yaro da ake kira Na-Sani. Tunda aka haife shi, ba wanda ya taɓa jin ya ce bai san wani abu ba. Ran nan a lokacin hutun tara, ya tara yara a gindin bishiya yana ba su labarin manhajar jin kiɗa ta waya.

"Ta kyauta ai ta yara ce," in ji shi. "Yayana ya biya an buɗe masa ta manya. Idan ka biya, sauti na ainihi suke sakar maka. Har numfashin mai busa za ka ji. Har motsin yatsunsa!"

'Yar Kaka ta matso kusa.

"Ko mai nauyin kunne zai ji?" ta tambaya.

"Wane mai nauyin kunne? Ko kurma sai ya ji!" in ji Na-Sani, yana buga ƙirji.

Maganar nan ta shige ta. Har aka tashi daga makaranta ba ta san me aka koyar ba.

Da ta koma gida, ta tarar Mama ta bar wayarta a caji ta tafi shago. Kaka na bakin ƙofa yana gyangyaɗi. Ta ɗauki wayar ta buɗe manhajar kiɗan. Ga wani maɓalli ruwan ɗorawa yana ta ƙyalli a sama. An rubuta: "Ƙara ingancin sauti. Ji abin da ba ka taɓa ji ba."

Ta duba kuɗin. Kai! Ba kaɗan ba ne.

Ta san lambar sirrin Mama, domin ita ake sa wa ta sayi katin wuta da wayar. Ta kuma san kuɗin da ke asusun na asibitin Kaka ne.

Ta ajiye wayar. Ta je ta wanke kwanoni. Ta dawo ta sake ɗauka.

"Bari dai in jira Mama," ta ce a ranta.

Sai wata zuciyar ta ce, "Idan kika tambaya za ta hana. Ai don Kaka aka tara kuɗin. Idan ya ji da wannan, shi ke nan, ba sai an kai shi asibitin da yake tsoro ba. Kowa ya huta."

Ta leƙa ta taga ta ga Kaka. Yara suna ta ihu a gabansa, shi kuwa ko motsi bai yi ba. Sai ta danna maɓallin, ta sa lambar sirrin.

Nan take saƙon banki ya shigo. Ta ɗauko iyafis, abin sauraro na sawa a kunne, ta ruga waje.

"Kaka! Kaka! Tashi ka ji wani abu!"

Ta sa masa iyafis ɗin a kunne, ta kunna kiɗan sarewa, ta ƙure ƙara. Kaka ya dube ta. Ya ga yadda idonta ke ƙyalli. Sai ya fara kaɗa kai. Ya shiga buga gwiwa da yatsu.

"Kana ji, Kaka?" ta tambaya da ƙarfi.

"Sosai, jikalle! Sosai!"

Daɗi ya kashe ta. Ta yi tsalle, ta yi juyi. Sannan ta duba fuskar wayar don ta ga saura nawa kiɗan ya ƙare.

Ashe kiɗan a tsaye yake. Yatsanta ya taɓa wurin tsayarwa tun lokacin da ta fara tsalle. Ba abin da ke fita daga wayar.

Ta ɗago kai a hankali. Kaka na nan yana kaɗa kai, yana buga gwiwa, yana murmushi.

Ta sa hannu ta cire masa iyafis ɗin.

"Kaka, kiɗan ya daɗe da tsayawa."

Bai ji ta ba, amma ya ga hawayenta, ya ga wayar. Ya gane. Ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama yana lasar sukari.

"Yi haƙuri, jikalle," in ji shi. "Na ga kina murna. Ban so in ɓata miki ba."

Bai san ta biya ko sisi ba. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Da yamma Mama ta dawo, zare duk ya manne mata a zane. Ko zama ba ta yi ba 'Yar Kaka ta miƙa mata wayar, ta nuna mata saƙon banki. Ta faɗi komai tana kuka.

Mama ta daɗe tana kallon wayar. Sannan ta zauna a bakin gado.

"Kin san na mene ne kuɗin nan?"

"Na sani, Mama."

"Kin sani kuma kika taɓa?"

"Na zaci zai ji. An ce ko kurma sai ya ji."

"Wa ya ce?"

"Na-Sani."

"Na-Sani likita ne?"

"A'a."

Ran Mama ya ɓaci ƙwarai, amma ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo ta kusa.

"Na san don Kaka kika yi," in ji ta. "Ban ce ba ki da tausayi ba. Amma na ba ki lambar nan ne don na yarda da ke. Yanzu abin da ya rage ba zai isa ba. Dole a ɗaga ranar ganin likita."

Suka sake duba manhajar tare. Can ƙasa, da ƙananan rubutu, an ce duk wata za a riƙa cire wani kuɗin. 'Yar Kaka ko ganinsa ba ta yi ba. Mama ta soke shi nan take. Wanda aka riga aka cire kuwa, ya tafi ke nan. Daga nan Mama ta sauya lambar sirrinta.

"Don Allah, Mama, kada ki gaya wa Kaka."

"Zan ce masa kuɗi bai cika ba, don gaskiya ne. Sauran bayanin naki ne. Ranar da kika shirya, ki faɗa masa da bakinki."

Washegari malamar kimiyya ta ga 'Yar Kaka ta yi zugum a aji. Ta kira ta gefe ta tambaye ta. Yarinyar ta ba ta labari.

"Ayya," in ji Malama. "Kin san famfo? Ko da an turo ruwa mai kyau daga tanki, idan bakin famfon ya toshe, me za ki tara?"

"Ba komai, Malama."

"To, haka sauti yake. Manhaja tana gyara abin da ke fitowa daga waya. Ba ta gyara kunne. Kunne sai likita."

Malama tana da irin manhajar a wayarta. Bayan darasi ta kira Na-Sani gaban aji. Ta ce ya rufe ido. Ta sa masa iyafis.

"Zan kunna maka kiɗa iri biyu, na kyauta da na kuɗi. Ka faɗa mana wanne ne wanne."

Ta kunna na farko.

"Wannan na kuɗi ne!" in ji Na-Sani. "Ga numfashin nan ina ji!"

"Na kyauta ne," in ji Malama.

Ajin ya fashe da dariya. Aka sake gwadawa. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya faɗi. A ƙarshe ya buɗe ido yana sosa ƙeya.

"Gaskiya, Malama, ban sani ba."

Yara suka yi ta tafi, don ba su taɓa jin haka daga bakinsa ba. Malama ta ɗaga hannu suka yi shiru.

"Ku daina dariya. Ya yi kyau da ya faɗi gaskiya. Ban ce manhajar ba ta da amfani ba. Mai manyan kayan sauti, a ɗaki shiru, yana iya jin ɗan bambanci, ya ce kuɗinsa bai tafi a banza ba. Amma kafin ka biya, ka tambayi kanka: wannan abin zai magance matsalata kuwa? Kuma kuɗin nawa ne, ko na wani?"

Tun daga ranar, da an tashi makaranta sai 'Yar Kaka ta wuce shagon Mama. Tana sa maɓallai, tana yanke zare, tana ninke kaya. Allura ta sha sokinta. Ba ta yi ƙorafi ba. Da taimakonta Mama ta ƙara karɓar ɗinki.

Ana cikin haka, wata rana Kaka ya fita sayen goro a bakin layi. Wani mai keke ya taho ta bayansa yana ta kaɗa ƙararrawa. Kaka bai ji ba. Mai keken ya kauce, amma kafaɗarsa ta bugi Kaka ya faɗi. Allah ya kiyaye, gwiwa kawai ya kurje.

'Yar Kaka ce ta wanke masa ciwon. Tana wankewa tana hawaye. Ta san da an je asibiti a ranar da aka fara ba su, da ya ji ƙararrawar nan.

"Ke kuma kukan me kike yi?" in ji Kaka. "Ni da na faɗi ban yi ba."

Ta buɗe baki za ta faɗa masa, sai ta kasa.

Shi ma Kaka faɗuwar nan ta sa ya daina gardama. Da kuɗi ya cika, da kansa ya sa babbar riga ya ce a tafi.

Likita ta haska kunnensa da 'yar fitila. Ta wanke masa shi tas. Ta gwada jinsa da wata na'ura. Sannan ta maƙala masa wani ɗan ƙaramin abin ƙara ji a bayan kunne, ta nuna wa Mama yadda ake kula da shi.

A hanyar komawa gida Kaka ya yi gaba, yana ta waige-waige kamar baƙo. Mama da 'Yar Kaka suna biye da shi. Yarinyar ta matsa kusa da Mama ta yi raɗa.

"Mama, har yanzu Kaka bai san ni na kashe kuɗin asibitinsa ba ko?"

Kaka ya tsaya cak. Ya juyo.

"Yanzu dai ya sani," in ji shi.

'Yar Kaka ta dafe baki. Mama ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki.

"Kaka! Ka ji ni?"

"Ras na ji ki. Zo nan ki ba ni labari, kuma ba sai kin yi ihu ba."

A nan bakin hanya ta faɗa masa komai, ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Ta ce, "Ka yafe mini, Kaka. Ni na ja maka jira, ni na ja maka faɗuwa."

Kaka ya dafa kanta.

"Na yafe miki, jikalle. Son da kike yi mini ne ya kai ki. Amma ko don alheri za ki yi abu, kada ki taɓa kuɗin da ba naki ba sai kin tambaya. Kuma ba duk abin da aka yaba miki ne maganin damuwarki ba. Ki tambayi wanda ya sani tukuna."

"Na ji, Kaka. Ba zan sake ba."

"Ni ma na ji," in ji Kaka, yana dariya. "Kuma wallahi muryarki ta fi yadda nake tunawa daɗi."

Ta riƙe hannunsa suka ci gaba da tafiya, tana yi masa hira a hankali, yana amsa mata kalma bayan kalma.