Sa Hannu Mai Jelar Ƙadangare

Akwai wani yaro da 'yan gidansu ke kira Na-Sani. Ba sunansa na yanka ba ne. Bakinsa ne ya jawo masa. Ko me ka fara gaya masa, kafin ka kai aya ya tare ka.

"Ai na sani."

Ka ce masa hadari ya taso, ya sani. Ka ce masa rigarsa a baibai take, ya sani. Yaron ba mugu ba ne, ga ƙoƙari a makaranta. Sai dai zama da shi sai mai haƙuri.

Da ya gama sakandare, ya samu gurbi a makarantar koyon aikin lantarki a wani gari. Ta kwana ce. Murna kamar ya tashi sama. Amma makarantar ta kafa sharaɗi. Ranar rajista, kowa ya zo da katin shaida da asusun banki mai sunansa, domin ta nan ake ba ɗalibai kuɗin abinci. Wanda bai kawo ba, a ba wani gurbinsa.

Babansa kafinta ne. Yana goge wani katako a ƙofar shagonsa da ke jikin gida ya kira shi.

"Ba zan raka ka ko'ina ba," in ji Baba. "Mai shirin zama a wani gari shi kaɗai, ya fara koyon shiga ofis shi kaɗai. In ka samo katin da asusun, ka tafi. In ba ka samo ba, ga zarto ga guduma. Ka zauna ka taya ni har baɗi."

"Ai na sani, Baba."

"To, wajen sa hannu kuwa, ka kula, kada ka…"

"Na sani, na sani."

Baba ya dube shi, ya ci gaba da gugar katako.

Kaka tana kan tabarma a tsakar gida tana fama da zare da allura. Duk ta ji su.

"Maigidana," ta ce, don haka take tsokanar jikan nata, "ka bar ubanka ya ƙarasa mana. Magana ba ta cizo."

"Haba Kaka! Ke da ba ki taɓa riƙe biro ba, ina ruwanki da sa hannu?"

"Babu, angona. Allah ya ba da sa'a."

Washegari ya tafi ofishin katin shaida yana taƙama. Kafin hantsi sai ga shi ya dawo yana huci. Bai je da takardar haihuwa ba.

"Ba ka ce ka sani ba?" in ji Kaka.

"Mantuwa ce kawai."

Ya ɗauka ya koma. Ya bi layi har ƙafarsa ta yi tsami. Aka ɗauke shi hoto. Aka ɗauki zanen yatsunsa. Sai ma'aikacin ya turo masa wani ɗan allon gilashi da alƙalami mai igiya.

"Sa hannu a nan."

To, ga gaskiyar da Na-Sani bai gaya wa kowa ba. Bai taɓa sa hannu ba tun da aka haife shi. Sunansa kawai yake rubutawa a takardar jarrabawa. Amma ya tambaya? Allah ya kiyaye!

Ya tuna da sa hannun shugaban makarantarsu, mai lanƙwasa kamar igiyar shanya. Ya ce a ransa, nawa sai ya fi wannan. Ya gyara zama. Ya zana ƙaton kai. Ya yi tudu, ya yi kwari, ya sake yin tudu. Ya ja wata doguwar jela, ya murɗe ta sama. Sannan ya ɗiga ɗigo biyu.

Ma'aikacin ya leƙo.

"Samari, zane aka sa ka ko sa hannu?"

"Haka nake yi kullum."

"Ka tabbata? Shi zai fito a katinka fa."

"Ai na sani."

Katin ya daɗe kafin ya fito. Da ya karɓo shi, ya shigo gida yana ɗaga shi sama kamar ya ciwo kofi. Ƙanwarsa Auta ta karɓa ta ƙura masa ido.

"Yaya, me ya sa aka zana maka ƙadangare?"

"Ba ni nan! Sa hannun manya ne. Ke me kika sani?"

Ranar rajista tana ta matsowa, Na-Sani yana ta yawo da kati a aljihu yana nuna wa abokai. Kullum Kaka sai ta ce, "Bankin fa?" Kullum sai ya ce, "Abin minti biyar ne." Sai da ya rage 'yan kwanaki sannan ya shirya.

Tun daga ƙofar banki aka fara. Ƙofar ta ƙi buɗe masa, tana ta ƙara. Mai gadi ya ce ya ajiye makullan da ke aljihunsa.

"Na sani," in ji shi, yana zaro su.

Ciki sanyi kamar randa. Aka nuna masa teburin wata mata mai tabarau. Ta karɓi katinsa da ƙananan hotunansa, ta ba shi takarda ya cike. A ƙasa akwai gurbin sa hannu har uku.

Na-Sani ya ji daɗi. Ga dama ta samu. A na farko ya yi mai jela sama. A na biyu ya ga ai gara ya ƙara ado, ya yi mai fukafukai. Na uku kuwa har da layi biyu a ƙasa.

Matar ta duba takardar. Ta duba katin. Ta sauke tabaranta kan hanci.

"Wa ya sa hannu a nan?"

"Ni ne."

"Nan fa?"

"Ni ne."

"To ni mutum uku nake gani. Kuma a cikinsu babu mai katin nan."

"Anti, ai duk hannuna ne."

"Ƙanena, sa hannu ba ado ba ne. Da shi muke gane kai ne, ba wani ya zo da sunanka ba. Dole na yau ya zama irin na jiya, na gobe ya zama irin na yau. Ga wata takardar. Yi mini irin na katinka."

Ya ajiye katin a gabansa, ya fara kwaikwayo. Kan ya fito ƙarami. Jelar ta yi hagu maimakon dama. Ta ba shi wata. Wannan karon tudun ya zama huɗu.

Wani dattijo a bayansa ya yi gyaran murya.

"Yaro, mu ma fa da abin yi muka baro."

Matar ta tattara takardun da ya ɓata.

"Takardunmu ba ganyen bishiya ba ne. Je ka koyi hannunka, ka dawo."

Daga nan ya ruga ofishin katin shaida, wai a canza masa sa hannun. Ma'aikacin nan ya gane shi sarai.

"A'a, mai zane! Ana canzawa mana. Amma sai ka sake bin layi, ka sake jira kamar na farko."

Jira kamar na farko? Kafin nan an gama rajista, an ba wani gurbinsa.

Ya dawo gida kamar kazar da ruwa ya doka. Baba ya ji labari. Bai yi faɗa ba. Ya shiga shago, ya ɗauko zarto, ya jingina shi a bakin ƙofar ɗakin Na-Sani, ya koma aikinsa. Wannan ya fi duka zafi.

Kaka kuwa dariya ta yi har da share hawaye.

"Oh ni jikar mutum huɗu! Mutum ya kasa kwaikwayon kansa! Ni da nake dangwala yatsa in karɓi fanshon kakanku, yatsan nan bai taɓa cewa bai san ni ba."

Na-Sani ya zauna a gefen tabarmarta. Ya daɗe yana kallon zarton. Can ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kaka, ban san yadda zan yi ba."

Kaka ta kara hannu a kunne.

"Me ka ce? Kunnen ya tsufa."

"Na ce ban sani ba."

"Auta! Zo ki ji abin da ban taɓa ji ba a gidan nan! Maimaita, maigida."

"Haba Kaka, don Allah."

Sai ta daina dariya. Ta dafa kansa.

"To share fuskarka. Kai ka haifi ƙadangaren nan, kai za ka raine shi. Ni ban san boko ba, amma na san ɗinki. Ba a haɗiye zane gaba ɗaya. Ka raba shi. Ka koyi kan shi kaɗai, sai ya zauna a hannunka. Sannan bayan. Jela a ƙarshe."

Ta sa Auta ta kwaso tsofaffin kalandu daga ƙarƙashin gado. Aka juya bayansu. Aka naɗa Auta alƙali.

Na-Sani ya duƙufa. Ya yi kai, ya yi kai, ya yi kai, har yatsunsa suka ƙage. Sannan ya koma yin bayan. Auta tana tsaye a kansa da katin a hannu, ba sani ba sabo.

"Wannan kada ne."

Ya sake.

"Wannan ƙadangaren ya haɗiyi kwaɗo."

"Auta, zan make ki!"

"Ka make ta, ka rasa alƙali," in ji Kaka. "Ci gaba."

Abokansa suka zo kiransa ƙwallo, ya ce ba ya zuwa. Kalandu suka ƙare, ya koma yi da yatsa a kan garin katakon shagon Baba. Ko abinci yake ci, hannunsa na murɗa jela a iska. Sau nawa ya jefar da biro ya ce ya gaji! Sai ya ɗaga kai ya ga zarto, ya sunkuya ya ɗauki bironsa.

"Da na sani, da sunana kawai na rubuta," ya ce.

"Ka ga Na-Sani ya koma Da-Na-Sani," in ji Kaka. "Rubuta dai."

Ana gobe rajista, Auta ta duba wanda ya zana, ta duba na kati, ta sake dubawa. Ta taɓe baki.

"Shi ne. Har munin."

Na-Sani ya zari takardunsa sai banki. Tun kafin mai gadi ya yi magana ya ajiye makullansa. Matar mai tabarau ta gan shi, ta yi ajiyar zuciya.

"Kai ne kuma? Takarda ɗaya zan ba ka yau."

Ya goge tafinsa a wando. Ya yi bismilla. Kai, baya, jela, ɗigo biyu. Ya sake. Ya kuma sakewa.

Matar ta jera takardar da katin. Ta duba wannan, ta duba wancan.

"Madalla," ta ce. "Yau mutum ɗaya ne ya zo."

Ta buga masa hatimi, ta rubuta masa lambar asusunsa. Sannan ta miƙo masa katin cirar kuɗi.

"Saura maganar lambar sirri."

"Ai na…" Ya cije leɓe. "Ban sani ba, Anti. Yi mini bayani."

Ta yi murmushi. Ta ce ya zaɓi lambar da zai riƙe a ka, ba shekarar haihuwarsa ba. Kada ya rubuta ta a jikin katin. Kada ya gaya wa kowa, ko aboki, ko mai kiran waya ya ce daga banki yake. Na-Sani ya saurara har ta kai aya. Har tambaya ya ƙara.

Da ya isa gida, ya miƙa wa Baba takardar da hannu biyu. Baba ya karanta a hankali. Ya je ya ɗauke zarton daga bakin ƙofa, ya mayar shago.

"Je ka haɗa kayanka," ya ce.

"Baba, ranar nan me za ka gaya mini kan sa hannu?"

"Cewa zan yi ka yi mai sauƙi, wanda za ka iya maimaitawa."

Na-Sani ya dafe kai. Auta ta faɗi ƙasa don dariya.

Kaka ta yafito shi, ta rage murya.

"Maigida, tsakanin miji da mata babu ɓoye-ɓoye. Faɗa mini lambar nan."

"Kaka, ko ke ba zan gaya wa ba."

"Ni da na goya ka?"

"Ko ke."

Ta rungume shi tana dariya.

"Yanzu ka girma. Tafi, Allah ya yi maka albarka."

Washegari ya yi rajista, ya samu gurbinsa. Ƙadangaren nan kuwa yana nan tare da shi har yau. Duk takardar da zai sa wa hannu, sai ya ja jelar nan ya ɗiga ɗigo biyu.

To yara, ku ji da kyau. Girma ba cewa "na sani" ba ne. Mai son tsayawa da ƙafarsa, ya bar na gaba da shi ya ƙarasa magana, kuma ya tambayi abin da bai sani ba. In kun tashi yin katin shaida ko buɗe asusu, ku tafi da takardunku cikakku, ku je da wuri, ku riƙe sirrinku. Sa hannu kuma ku yi mai sauƙi, wanda hannunku zai gane gobe.