Kunyar Ƴar Fari

Barira na tankaɗe a tsakar gida Uzairu ya dawo daga asibitin Rano, ƴarsu Afra'u a kafaɗa, ta rame kamar kara.

"Inna, ciwon suga ne," ya ce wa mahaifiyarsa. "Allura kullum, safe da yamma."

Inna Laraba ta taɓe baki. "Suga? Ciwon alhazai masu tumbi? Shekararta shida fa. Jikata ba akuya ba ce da za a yi ta tsira mata ƙarfe. Zuma zan ba ta."

Barira ba ta ɗago ba. Afra'u ƴar fari ce, tun yaye take ɗakin Inna. Ko sunanta Barira ba ta faɗa, ita kuma yarinyar Yaya take ce mata.

A ɗaki Barira ta fashe da kuka. "Malam, ka koya mini yin allurar."

Ya koya mata. Kwalbar maganin ta ƙulle a leda ta jefa cikin randa don sanyi. Kullum sai ta yafito yarinyar bayan rumbu.

"Yaya, da zafi."

"Fara yi wa ƴar tsanarki. Ta yi kuka?"

"A'a."

"To, kawo cinya."

Sati uku, kumatu suka fara dawowa. Ran nan sai ga Inna a kansu.

"Lallai zamani ya zo! Ƴar fari kike tattali haka, ido ba kunya? Uzairu, ko ta fita ko ni."

Ya durƙusa. "Inna, in aka daina allurar, yarinyar nan mutuwa za ta yi."

"To su tafi tare."

Bai saki matarsa ba, bai kuma iya hanawa ba. Barira ta koma gidansu a Nariya da yarinyar. Duk Juma'a yakan zo a keke, ya tsaya a zaure kamar mai zance.

"Inna ta huce?"

"Tukuna. Ki ƙara haƙuri, Barira."

Damina biyu ke nan. Yanzu Afra'u da kanta take zuƙo maganin, tana ƙirga layukan sirinji.

"Yaya, yaushe zan warke mu koma gida?"

Barira ta ce, "Wannan ba ya warkewa. Zama ake yi da shi."

Yarinyar ta gyaɗa kai, ta ɗage zane.

Kunya ado ce, amma in ta kai ga ran yaro, ajiye ta ake yi. Haƙurin Barira bai mayar da ita ɗakinta ba, sai dai ƴarta na raye.