Shekarar da Khunwana Ta Rame

Ranar allurar shanu ce a Letlhakeng, kuma saniyar Segomotso ta maƙale a lungun katakon da ake tura shanu a yi musu allurar.

Shanun kowa sun bi ta lungun sun wuce salin-alin, don rani ya tsotse su. Ita kuwa Khunwana, jar saniya mai sheƙi kamar an shafa mata man gyaɗa, ta cika wurin taf, ba gaba ba baya. Maza suka bar aikinsu suka zo dariya.

"Segomotso, wannan saniya ce ko motar yashi?" in ji Modiri mahauci, yana shafa tumbinsa. "Sayar mini da ita mana. In kin ga dama ki biyo ta, gidana da faɗi."

Segomotso ta riƙe igiya, idonta ya ciko.

Sai wani dogon saurayi ya diro daga kan shinge. Otsile ne, wanda ya bar makarantar aikin gona bayan rasuwar mahaifinsa ya koma ruga can cikin yashi, shi kaɗai da shanu. Ya zare katako ɗaya, ya yi wa saniyar magana a hankali, ta fito tana huci. Ya danna gindin wutsiyarta da babban yatsa, yatsan ya nutse.

"Shekararta nawa?"

"Biyar."

"Haihuwa nawa?"

Dariya ta tsaya. Duk garin mun san amsar, shi kaɗai ne bai sani ba.

"Ko ɗaya," ta ce, ta ja abarta ta tafi.

A wurinmu uba yakan tsaga kunnen maraƙa ya ce ta ɗansa ce ko ta 'yarsa. Daga nan sai a zuba ido. In saniyar ta yi ta haihuwa, a ce yaron yana da goshi. In ta ƙi, ba a faɗa a gaban mai ita, amma ana faɗa a bakin famfo. Rra Sego, baban Segomotso, ya tsaga wa 'yarsa kunnen Khunwana a shekarar da matarsa ta rasu. Sau huɗu ana kai ta wurin bijimi, shiru. Mata suka yanke hukunci: yarinyar farar ƙafa gare ta, kuma yadda saniyar take haka mai ita za ta zama. Ni da katanga ɗaya ta raba gidana da nasu, na sha jin wannan magana har ta ishe ni.

Bayan kwana uku Otsile ya je tasha, inda Segomotso take soya fanke. Ya sayi biyu, ya tsaya yana juya su a hannu.

"Na zo ban haƙuri. Ban san tambayar tana da ciwo ba."

"Yanzu ai ka sani."

"Me kike ba ta?"

Ta dube shi sheƙeƙe. "Abin da nake da shi. Dusar dawa safe da yamma. Ragowar fanke. Ragowar tuwo. Tun da Mama ta rasu hannuna bai koyi dafa na mutum biyu ba, na uku nake dafawa. Baba kuma ba ya ci sosai."

Shi ma Otsile shekara uku ke nan yana cin tuwonsa a tsaye, a bakin tukunya.

"Saniyarki ba juya ba ce," ya ce. "Gata ne ya yi mata yawa. Ramammiya ba ta ɗaukar ciki, wannan kowa ya sani. Abin da ba a sani ba, mai kitse da yawa ma haka take. Kitse ya danne mata ciki."

"Wato ni na hana ta haihuwa?"

"So ne ya hana ta."

Ta sunkuya tana juya fanken da bai kai juyi ba. Da zai tafi ta ƙara masa ɗaya a takarda, ta rubuta lambarta a gefen da mai bai taɓa ba.

Rugar Otsile ba ta da sabis sai a saman tankin rijiyar burtsatse. Duk Lahadi da hantsi yakan hau tsani, ya zauna a kan ƙarfe mai zafi, ya ɗaga waya sama, su yi ta tura wa juna saƙo.

"Mai Fanke, na hau tanki. Daga nan ba a ganin komai sai ƙaya da yashi, amma na juya fuskata wajen garinku."

"Makiyayina, ka sauko kada ka faɗo. Wa zai riƙa zagin saniyata in ka karye?"

"Yau na yi magana da bijimi har na awa guda. Bai san hira ba. Ke nake so."

Wannan ta karanta shi sau bakwai. Na sani, don a gabana aka yi.

Wata huɗu ana haka, sai Otsile ya je wurin kawunsa Maruping. A nan ba a neman aure sai kawu ya sa kwat ya je ya zauna gaban dangin yarinya. In ya ƙi, magana ta mutu. Kawu Maruping ya saurare shi har ƙarshe yana sakace.

"'Yar gidan Rra Sego? Mai jar saniya? Yaro, kai kaɗai ubanka ya bari. Ba zan sa kwat ɗina in kai shanu takwas na sadaki gidan da maraƙi ya gagara ba."

"Kawu, kitse ne kawai."

"Kitse! Tun da nake ban taɓa jin ƙoshi ya zama cuta ba. Abin da aka koya maka ke nan kafin ka gudo?"

Modiri kuwa bai zauna ba. Ya riƙa kai wa Rra Sego hanta da ƙoda, yana cewa a ba shi saniyar ya yanka, bakin mutane ya mutu, shi kuma zai auri yarinyar a haka. Tsohon ya fara karkata, don surutu ya gajiyar da shi.

Sai Otsile ya zo da kansa, ya cire hula, ya durƙusa.

"Baba, ka ba ni kiwonta. Shanu na zuwa kiwo hannun wani tun kakanni, ba sabon abu na roƙa ba."

Rra Sego ya ɗaga yatsu biyu. "Damina biyu. In ta biyun ta wuce ba maraƙi, wuƙar Modiri ce. Kai kuma kada in ƙara ganinka a ƙofata."

Ranar da aka kora Khunwana, Segomotso ta raka su har ƙarshen gari. Ta miƙo buhun dusa, Otsile ya girgiza kai.

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, Sego. Ciyawa, tafiya, da gishirin lasa mai garin ƙashi. Ƙasarmu ba ta da abin da ƙashi ke so, shi ya sa kike ganin shanu na tauna tsohon ƙashi a daji."

Ta dawo da buhunta a ka. Da yamma na ji ta a bayan gida, a garken da ba kowa, tana kankare tukunya. Ta saba ba wa saniyar labarin kasuwa. Ran nan ma ta fara, ta tuna, ta yi shiru. Ni kaina sai da na share ido.

Wata biyar ba ta ga Khunwana ba. Sai Modiri ya zo tasha, ya ce direbansa ya bi ta rugar. "Saniyarki ta zama ƙwarangwal. Yunwa yake kashe ta da ita. Ko kyauta aka ba ni yanzu sai na yi tunani."

Washegari ta hau motar da ke kai wa rugage man inji. Ta sauka da azahar, ta hango garke na dawowa shan ruwa. Ta wuce jar saniya sau biyu ba ta gane ta ba, sai da saniyar ta yi kuka ta nufo ta. Sheƙin nan babu. Wuya ya zabge. Ga haƙarƙari biyu na ƙarshe ana gani.

"Otsile! Me ka yi mata?"

"Sego, haka ya kamata ta zama. Dubi tafiyarta, ba ta haki."

"Amana na ba ka! Ita kaɗai ta rage mini daga shekarar Mama, ka mai da ita haka don kawunka ya sa kwat?"

"Ba don Kawu ba ne."

"To don wa?"

Mutumin da ya shekara uku yana hira da shanu ba ya iya kare kansa da sauri. Ta koma motar ba ta sha ko ruwansa ba.

Lahadi tara yana hawa tanki, ba amsa.

"Mai Fanke, ta lashi gishiri yau."

"An yi yayyafi. Ciyawa ta fara tsirowa."

"Na dafa tuwo ya yi yawa. Ban san me ya sa na zuba na mutum biyu ba."

Tana karantawa, ta kife wayar. Ta rame ita ma, fankenta har ya fara ƙonewa. A Lahadi ta goma wannan ya shigo:

"Sego, jiya na je wurin Kawu. Na ce masa ko Khunwana ta haihu ko ba ta haihu ba, ba zan nemi wata ba. In ya ƙi sa kwat, zan tsufa a nan. Kin tambaye ni don wa. Don ranar allura ne, da na ga kin riƙe igiya ke kaɗai kowa na dariya. Ina so a daina faɗin abin da ake faɗa a kanki, ko da ba ni za ki aura ba."

Ta zauna a bakin murhu ta yi kuka mai isarta. Sannan ta rubuta:

"Makiyayina, sauko daga tankin nan, rana ta yi zafi. Ka ci tuwon duka. Na gaba ni zan tuƙa."

Bayan wata biyu wani saƙon ya zo, gajere: "Sau biyu lokacinta na zagayowa ba ta nemi bijimi ba." Segomotso ba ta yarda da fahimtarta ba, ta karanta wa babanta. Tsohon ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Sake karantawa," ya ce.

Sauran watannin sun fi na baya tsawo. Rani ya yi tsanani, Otsile ya sayar da ɗan bijiminsa guda ya sayo harawa, don mai ciki ba a barinta ta rame. Modiri yana ta yawo yana cewa iska ce ta kumbura ta. Damina ta biyu ta shigo, ta yi nisa, mutane suka fara ƙirga kwanaki a bakin famfo.

Wata Talata da safe, ba Lahadi ba, wayar Segomotso ta yi ƙara tana tsakiyar suya. Hoto ne: 'yar maraƙa ja, jiƙe sharkaf, tana tangaɗi a ƙarƙashin uwarta. A ƙasa ya rubuta: "Mace ce. Ta tsotsa."

Ta bar kasko a wuta ta ruga gida. Ni na sauke mata shi.

Kawu Maruping bai yarda da hoto ba, sai da ya je ya gani da idonsa. Ya zagaya maraƙar, ya zagaya uwar, ya yi gyaran murya.

"Ni dama na ce yarinyar nan tana da goshi."

Ba wanda ya ƙaryata shi, don kwat ɗinsa muke bukata. Ya sa shi kuwa, da asuba, ya je ya zauna gaban dangin Rra Sego. Shanu takwas suka shiga garken da ya yi shekara da rabi ba kowa.

An yi biki bayan girbi. Mu matan aure muka yafa barguna muka yi wa amarya nasiha, aka daka nama, aka tuƙa tuwon dawa da kindirmo. Modiri ne ya yi fiɗa, kuma a faɗi gaskiya, ya yi ta da kyau.

Da la'asar aka nemi amarya aka rasa. Otsile ya same ta a bayan gida, wurin Khunwana da aka kawo don bikin. Tana ganinsa ta ɓoye hannu a bayanta.

"Me ke hannunki, Mai Fanke?"

"Ba komai."

Ya zagaya ya duba. Ɗan kwano ne, da dusa ko rabi ba ta kai ba. Ya karɓa, ya shiga ɗakin ajiya, ya fito da shi cike har yana zuba.

"Ba ta. Mai shayarwa ce, yanzu ne take bukatarki."

Segomotso ta ajiye kwanon, saniyar ta sa baki, maraƙa na tunkuɗar hantsarta. Ta tsaya tana kallo, hawaye na bin kwalliyarta.

"Kuma ki ci gaba da dafa na mutum uku," ya ce. "Ni da ke da Baba. Ba abin da zai ragu."

Rra Sego ya fito ya same su a haka. Ya dafa kan 'yarsa, ya dafa kafaɗar surukinsa, ya ce Allah ya cika musu garke, ya cika musu ɗaki, kada ɗayansu ya ƙara cin tuwo shi kaɗai. Sannan ya ɗaga sandarsa ya yi kiran ruwa irin namu.

"Pula!"

Duk gidan muka amsa, har da matan bakin famfo. Muryata ta fi ta kowa.