Zanen Da Ruwa Bai Wanke Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Yabo ya tabbata ga Wanda ya ƙaga ɗan Adam a kyakkyawar sura, ya hore masa teku, ya saukar masa da ruwa abin tsarki. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa. Ya Ubangiji, ka daidaita harshena, ka sa labarin nan ya amfani 'ya'yana mata da za su karanta shi.

"Tsaya cak, Genta! Gobe za ka zauna gaban Baba, amma ga fenti a ƙeyarka kamar ɗan firamare!"

Chizuru ta jiƙa bakin tawul a famfon bayan gidan wankansu, wurin da ake tara itacen tanderu, ta shiga goge masa wuya tana dariya. Haka ta saba yi duk lokacin da ya dawo daga wurin ɗaukar shirin.

Ta goga.

Ta ƙara gogawa, har fatar ta yi ja.

Dariyar ta ɗauke.

"Genta... ba ya fita."

Bai juyo ba.

"Masoyina, da kai nake. Me ya sa ba ya fita?"

"Ba fenti ba ne, Chizu," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Allura ce da tawada. Duk bayan."

Tawul ɗin ya faɗi daga hannunta.

Genta ɗan masunta ne, wanda babu mai kamo shi a iyo duk gaɓar tekun garin Onomichi. Da wani kamfani ya zo mayar da shahararren littafin zane na 'yan fashin teku zuwa shirin talabijin da mutane na gaske, sai aka ƙera jirgin katako a tashar jiragen ruwanmu, aka ɗauki Genta ya riƙa tsaya wa ɗaya daga cikin jarumai a wuraren haɗari. Jarumi ya yi magana, Genta ya diro daga ƙololuwar turken jirgi cikin teku. Ba a nuna fuskarsa, sai bayansa. A littafin kuwa, wannan ɗan fashi yana da zane a gadon baya: ƙoƙon kan mutum ya ciji ƙugiyar jirgi.

Ita kuwa Chizuru ita kaɗai Allah ya bai wa Tatsuzo, mai gidan wankan unguwa, mahaifiyarta kuma ta rasu. An gama magana cewa Genta zai shigo gidan a matsayin suruki, ya ɗauki sunansu na Kuramochi, ya gaji tanderu. A bakin ƙofar gidan akwai allon da ya girme ta: "Mai zane a jiki ba ya shiga."

"Ka haukace ne?" ta ce, hawaye na zuba. "Kullum ta gaban allon nan kake wucewa! Ko karatun ne ka manta?"

"Saurare ni, sanyin idona. Kowace safiya sai Sumire ta shafe awoyi tana zana mini shi, ina faɗawa ruwan gishiri ya ɗauraye. Darakta ya yi ta zage-zage. Ita ce ta ce ta ji da kunnenta, duk wanda ke ɗauke da zanen gaske shi za a bai wa matsayin ɗan fashin a zango na biyu na shirin. Da fuskata, Chizu! Da sunana!"

"Sumire! Wadda muka yi aji ɗaya da ita? Wadda tun tana goye ake kawo ta wanka gidan nan?"

"Taimakona ta yi."

"Taimakon kura ga ɗan akuya!"

"Tun ina yaro nake karanta littafin nan. Ba na so in shigo gidanku hannu rabbana, a ce ga wanda aka tsinto don ya hura wuta."

"Wa ya ce maka ina neman jarumi? Mai hura wutar nake so..." Ta share fuska. "Baba ya ce gobe da kai zai shiga ruwan farko, kafin a rataya labulen ƙofa a buɗe wa jama'a. Tun da nake ban taɓa ganin ya yi wa wani wannan karamci ba."

Washegari Genta ya zo da babbar riga mai wuya, ya ce ya ji rauni a baya, likita ya hana shi shiga ruwan zafi. Tatsuzo ya yarda, ya ba shi madarar kwalba da hannunsa. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Katangar da ta raba ɓangaren maza da na mata ba ta kai rufi ba. Ta samanta miji ke kiran matarsa su fita tare. Wata la'asar, gida ya cika, Tatsuzo na jera bokitai a ɓangaren maza, sai ga muryar Sumire, mai yi wa 'yan wasa kwalliya, ta tsallako tana amsa kuwwa.

"Kai, Chizu, kin yi dace! Ashe Baba ya sauko? Na ce ai kuwa zamani ya canja, tunda mai ƙoƙon kai a baya zai gaji gidan Kuramochi!"

"Sumire, rufe bakinki!"

"Au, sirri ne? Yi haƙuri, ƙawata. Ni da na raka shi wurin mai allurar, har hannuna ya riƙe saboda zafi..."

A ɓangaren maza, Tatsuzo ya ajiye bokitin da ke hannunsa.

A ranar aka kira Genta. Ya durƙusa a kan tabarma, goshinsa a ƙasa, Chizuru na gefe.

"Ɗago, yaro," in ji Tatsuzo. "Ka san wanda ya rubuta allon can?"

"Kai ne, Baba."

"Ina saurayi 'yan daba masu zane suka mai da gidan nan majalisarsu. Mata suka daina zuwa, tsofaffi suka daina. Mahaifina ya yi magana, suka karya masa haƙarƙari a gaban tanderu. Da hannuna na rataya allon, ina jiran su zo su kashe ni."

"Baba, ni ba ɗan daba ba ne. Wasan kwaikwayo ne."

"Na sani. Amma tsohuwar da ta kawo jikanta ba za ta tambaye ka ba, juyawa za ta yi. A gidan nan kowa tsirara yake shiga, babu mai kuɗi, babu talaka. Fata ce kaɗai shaidar mutum, kai kuwa ka sayar da taka."

"Baba, don Allah..." Chizuru ta fashe da kuka.

"Ban kore shi ba, 'yar nan. Ya je asibiti a cire, ya dawo, ruwan farko na jiransa."

Genta ya dubi Tatsuzo.

"Baba, a yi mini haƙuri har a nuna shirin. Idan na cire yanzu, wahalar ta tashi a banza."

"To, ka zaɓa."

A bakin tashar jirgin ƙasa Genta ya tare ta.

"Zo mu tafi Tokyo, rabin raina. Can babu ruwan kowa da bayan kowa."

"In bar Baba da wa? Gwiwarsa ba ta barin shi ya sunkuya gaban wuta."

"Ashe allo ya fi ni a wurinki."

"Kai ma ai zane ya fi ni!"

Kowannensu ya faɗi abin da ba ya nufi. Ya hau jirgin ƙasa, ta koma gida.

Ranar da za a nuna kashin da ya yi babbar dirar, duk unguwa ta taru gaban talabijin ɗin zauren gidan wanka, kowa da tawul a wuya. Hatta Tatsuzo ya tsaya a bakin ƙofa yana yi kamar shara yake. Chizuru ta dafe ƙirji. Ga jirgi, ga turke, ga mutum a ƙololuwa ya buɗe hannuwa...

Sanye da doguwar riga baƙa, har gwiwa.

"A'a! Ina zanen?" in ji mai sayar da kifi.

Daga baya aka ji dalili. Masu tallar da ke ɗaukar nauyin shirin sun ce ba za a nuna zanen jiki a lokacin da yara ke kallo ba, sai aka sa kwamfuta ta ɗinka masa riga. Masoyan littafin suka yi caa, suka ce an ɓata musu gwarzo, aka yi ta yi wa shirin ba'a. Zango na biyu bai zo ba. Darakta kuwa, da aka tambaye shi, ya ce shi bai taɓa yi wa kowa alkawari ba.

Chizuru ta kira wayar Genta har ta gaji. Ta kira washegari, ta kira bayan wata. Daga ƙarshe aka ce lambar ba ta aiki. Sumire ta bi shi Tokyo, ta dawo ita kaɗai, fuska a murtuke, ba ta ƙara taka gidan wankan ba. Ta raba su, amma ba ta same shi ba, kuma haka ribar hassada take.

Shekara ta juyo, wata ta bi ta. Tatsuzo ya kwanta ciwo.

"Chizu," ya ce, "ba zan tilasta ki ba. Idan kina so ki rufe gidan, ki rufe."

"Ba zan rufe ba, Baba."

"Yaron nan... na so shi. Kullum da na ɗumama ruwan farko sai na dubi ƙofa."

Nobuo, ɗan mai sayar da tofu, wato awara, mutum ne mai sanyin hali da ya daɗe yana taya su hura wuta ba tare da ya nemi komai ba. Chizuru da kanta ta ce ta amince da shi, don tsohon ya ga magajinsa kafin ya rufe ido. Ya gani, ya rasu cikin sanyin shekarar.

Da bazara ta shigo, wata rana da hantsi, motar katako ta tsaya a bayan gida. Gidajen wanka irin nasu da ragowar katakon rusau suke hura wuta. Chizuru ta fito karɓa, sai ta ga alluna masu fentin ja da ruwan zinariya. Jirgin shirin ne. Ya gaji da ruɓewa a tasha, an farfasa shi.

Direban ya sauko a hankali, yana tafiya kamar wanda aka ɗaure wa sanda a baya.

"Chizu."

Ta ɗago ta dube shi. Genta ne.

"Na cire," ya ce da sauri, yana murmushi. "Duka! Yanka aka yi ta yi, kaɗan-kaɗan, ana ɗinkewa. Ba na iya iyo yanzu, hannun ba ya ɗaguwa sosai, amma wuta zan iya hurawa. Ina Baba? Ina so ya gani da idonsa."

"Me ya hana ka kira?"

"Kunya. Na rantse ba za ki ji muryata ba sai bayana ya yi fes."

"Kalma ɗaya, Genta! 'Jira ni.' Da ka faɗa, da na jira har furfura!"

"Ai ga ni..."

"Baba ya rasu."

Murmushin ya gushe. Sai a lokacin idonsa ya sauka kan zoben hannunta.

"Chizuru, baƙo muka yi?" Nobuo ya fito daga ɗakin tanderu yana share toka. Ya dubi direban, ya gane shi, domin garin ƙarami ne. Ya sunkuyar da kai cikin ladabi. "Sannu da hanya. Bari in kama maka."

Suka sauke jirgin tare, allo bayan allo. Da suka gama, gumi ya jiƙe Genta sharkaf.

"Ɗan'uwa, ba mu rataya labule ba tukuna," in ji Nobuo. "Ruwan farko ya yi zafi. Baba ya bar mini wasiyya, ya ce duk ranar da ka zo da baya mai tsabta, naka ne."

Genta ya dubi Chizuru. Ta kawar da kai.

"Shiga," ta ce. "Alkawari ne."

Ya tsaya gaban allon ƙofa, ya karanta shi kamar yau ya fara gani, sa'annan ya cire takalmi ya shiga.

Chizuru ta koma ɗakin tanderu. A saman tulin katakon akwai wani guntu daga goshin jirgin, an sassaƙa masa ƙoƙon kai ya ciji ƙugiya. Ta ɗauka, ta daɗe tana kallo, ta buɗe bakin tanderu ta tura shi. Ta bayan bango tana jin ana kwara ruwa, ana kwarawa, don kada a ji shesshekar kuka.

Da ya fito, ya ajiye kuɗin wanka a kan teburin ƙofa kamar kowane baƙo.

"Ruwan ya yi daɗi, matar gida."

"Mun gode da zuwa. A sauka lafiya."

Motar ta tashi. Ta ɗauko labulen ƙofa ta rataya, domin tsofaffin unguwa sun riga sun yi layi da kwanukansu.

Masu hikima sun ce da na sani ƙeya ce. 'Ya'yana, jikin da Mahalicci ya ba mu amana ne, ba a jinginar da shi don alkawarin da ba a ji daga bakin mai shi ba. Kuma kunyar da ke hana mutum magana da mai ƙaunarsa, girman kai ce ta yi lulluɓi.

Ya Allah, waɗanda suka riga mu lamarinsu na hannunka, kai ne Mafi adalcin masu hukunci. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu, ka haskaka makwancinsu. Wadda ta karanta wannan kuma, ka tsare ta daga shawarar mahassada, ka haɗa ta da wanda zai yi magana tun lokaci bai ƙure ba, ka wanke mu daga zunubanmu wankin da ba ya barin tabo. Amin.