Wa Ya Taɓa Mini Murya?

"Wa ya taɓa mini murya?!"

Da ƙarfi na faɗa, har Mama ta saki ludayi a kicin ta leƙo.

Na mayar da bidiyon baya, na sake saurara. Kyaftin ne dai a fuskar wayata, tsohon matuƙin jirgi mai ido ɗaya, ya zare takobi yana daka wa 'yan fashi tsawa... amma da wata siririyar murya kamar ta 'yar tsana!

Kalmomina ne. Numfashina ne. Muryar ce aka matse.

Akwai wani shirin katun da muka taso muna kallo. Masoyansa kan zana nasu labaran hoto-hoto, maganar kowa a rubuce saman kansa. Mu kuma mu nemi izinin mai zanen, mu ɗora wa hotunan murya, mu saka a shafinmu. Kowa a gidansu yake ɗaukar tasa. Ni cikin wadirob nake shiga da makirfo, in ja ƙofa, in zauna tsakanin rigunan Mama ina zufa, don tufafi suna shanye amsa-kuwwa. In na gama in tura wa Injiniya, shi ke haɗa sauti da hoto. Gimbiya kuma, mai yin muryar 'yar sarki, ita ke sakawa a shafi.

Allah ya ba ni murya mai kauri, ba ƙarya. In na kira mai gas a waya, "Yallaɓai" yake ce mini. Na sha kuka a kanta ina yarinya. Sai ranar da Injiniya ya ji gwajina ya ce, "Ke muke nema!" Tun daga ranar sunana ya koma Kyaftin, na daina magana ƙasa-ƙasa. Ba mu ankara ba, hirar aiki ta koma hirar da ba ta aiki ba.

Na danna lambarsa.

"Rabin raina..."

"Riƙe rabin ranka! Me ka yi wa muryata?"



"Da kai nake, Injiniya!"

"Wallahi ba wannan ne za a saka ba," ya ce a sanyaye. "Ki saurare ni, don Allah. Rannan Ummata ta jiyo ki a wayata, ta ce wane ƙato ne nake ce wa rabin raina. Da na ce ke ce, ta ce ita ba za ta kawo suruka mai muryar maza gidanta ba. Shi ne na ɗan sassauta muryarki, don in kunna mata ita kaɗai..."

"Ka ɗan sassauta."

"Biyu na ajiye, na gaskiya da wannan. Na faɗa wa Gimbiya wanda za ta saka, har sau biyu! Da gangan ta yi."

Wannan kam na yarda. Gimbiya ta daɗe tana son Injiniya, ko makaho ya shafa ya sani. Ita ce ma ta fara sharhi a ƙasan bidiyon: "Alhamdulillahi, yau mace ta koma mace."

Amma ba ita ta fi ƙona mini rai ba.

"Gimbiya sakawa kawai ta yi," na ce. "Kai ka zauna gaban kwamfuta, ka kama muryata ka matse, ka saurara ka ce yanzu ta yi. Kunyar muryata kake ji!"

"Kyaftin..."

"Ka nemi wani Kyaftin ɗin."

Na kashe wayar, sannan hawayen suka zubo.

Mama ta zauna kusa da ni tana goge hannu da gefen zani.

"Dama babanki ya ce ba zai ba mai wasan katun 'yarsa ba. Kin ga an huta."

"Mama!"

"To me zan ce? In ce ki yi ta kuka?" Ta dungure mini kai. "Muryar kakarki ce wannan. In ta yi tsawa a tsakar gida har kajin maƙwabta nutsuwa suke. Ba ta taɓa ba kowa haƙuri a kanta ba, ke ma kar ki fara."

Ban sake shiga wadirob ba. Kiransa ya yi ta shigowa ina kallo. Ina son sa, ba zan ɓoye ba, har abinci ya daina yi mini daɗi. Amma ciwon da na ji ya fi ƙarfin "yi haƙuri" ta waya.

Shafinmu kuwa ya kama da wuta.

"Ku dawo mana da Kyaftin!"

"Wa ya shaƙe mana tsoho?"

Wata yarinya ta rubuta cewa irin muryata gare ta, kuma saboda ni ta fara ɗaga hannu a aji. Na karanta, na sake karantawa, na ji kaina ya ƙara girma.

Wata safiya ina shara a ƙofar gida, sai ga shi tsaye, duk ya faɗa.

"Na cire wancan, na saka na gaskiya," ya ce. "Na rubuta a shafi kowa ya gani cewa laifina ne. Na karɓe shafin daga hannun Gimbiya, ta yi fushi ta fita."

"Allah ya raka taki gona." Na ci gaba da sharata. "Umma fa? Wace murya ta sani?"

"Na faɗa mata ƙarya na yi. Na ce muryar da ta raina ita na fara so, tun kafin in ga fuskarki. Na ce in ba ke ba, ta haƙura da ganin aurena."

Tsintsiyar ta tsaya a hannuna.

"Sai ta ce me?"

"Ta jefe ni da filo... sannan ta ce in kawo ki ta ji da kunnenta. Ki taimake ni, sarauniyata."

"Kyaftin dai."

"Kyaftin ɗina!"

Washegari muka je, Mama ta haɗa ni da ƙanwarta. Muka tsaya a bakin falon Umma. Na ji ina neman komawa magana ƙasa-ƙasa, irin ta lokacin yarinta.

Injiniya ya dube ni. "Kar ki rage komai," ya raɗa.

Na ja numfashi tun daga ciki.

"Assalamu alaikum!"

Umma na zaune kan kujera da carbi a hannu. Ta zabura, ta dube ni sama da ƙasa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba yabo ba fallasa. Ta tambayi gida, ta tambayi karatu, ta tambayi wannan aikin namu na shiga wadirob. Na ba ta amsa ɗaya bayan ɗaya.

"Yarinya, ni ba na ɓoye-ɓoye," ta ce. "Muryar nan ta maza ce."

"Ta kakata ce, Umma. Ni na gada, kuma ina son abata. In ɗanki zai aure ni, da ita zai aure ni."

Ƙanwar Mama ta mintsine ni. Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce wani abu ƙasa-ƙasa.

"Me ka ce?" Umma ta karkata kunne.

Ya maimaita.

"Kai, buɗe baki! Me ka ce?"

"Cewa ya yi ki yi haƙuri, Umma," na ce.

Ta juyo ta zuba mini ido. Can sai ta ajiye carbin.

"Ikon Allah... Kunnen nan nawa ya daɗe da yin nauyi. Kowa a gidan nan sai na ce ya maimaita, har na gaji na daina shiga hira. Tun da kika shigo ban ce 'me kika ce' ba ko sau ɗaya."  Ta buga kujerar da ke gefenta. "Taso daga ƙasan nan. Zauna kusa da ni, 'yata."

Baba ya ɗan ja, amma da Umma ta ɗauko mayafi ta zo gidanmu da kanta, ba a daɗe ba aka sa rana.

Yanzu gidanmu na jikin nata. Ko ina tsakiyar ɗaukar murya sai in ji ta tana buga ƙofa.

"Kyaftin! Fito ki faɗa mini abin da mijin nan naki yake cewa, ni ba na jin sa!"